Gicciyen Kudu: Yadda Ya Ɓace wa Turawa, Suka Sake Ganinsa

Cikin rukunonin taurari 88 waɗanda masana suka daidaita a kansu a 1922, babu wanda ya kai Gicciyen Kudu ƙanƙanta. Taurari huɗu ne masu haske, biyu a tsaye, biyu a gicce, da wani ƙarami a gefe. Amma duk da ƙanƙantarsa, tarihinsa yana da abin lura ga mai neman sanin yadda ilmi kan ɓace, ya kuma komo.

Mutanen dā sun san taurarin nan. Wajen shekara ta 150, Batlaimus na Iskandariyya ya lissafta su cikin littafinsa wanda Larabawa suka kira Almajisti, amma ya haɗa su da rukunin Kantaurus. Yau kuwa wanda ya tsaya a Iskandariyya ba ya ganin gicciyen a cike. Dalili shi ne, duniya tana juyi tana tangaɗi kamar katantanwa, tangaɗi guda kuwa yakan ɗauki shekara wajen 26,000. Sabo da haka sannu a hankali taurarin suka nutse wa mutanen Turai, har ya zama ba su san su ba sai a takarda.

Tafiyar teku ita ta komo da su. A 1455 wani Baturen Banis, Kadamosto, yana bakin Kogin Gambiya cikin jirgin mutanen Fotugal, ya hangi taurari shida ƙasa ƙasa wajen kudu, ya zana su, masana da yawa kuwa suna ganin gicciyen ne. A 1500 Juwan Faras ya sake zana shi a gaɓar Barazil. Abin da ya sa matuƙa suka damu da shi a fili yake. Da zarar sun ƙetare tsakiyar duniya, tauraron arewa ya ɓuya, kudu kuwa ba ta da mai haske irinsa. To, in an ja layi daga kan gicciyen zuwa gindinsa, aka zarce kamar tsawonsa huɗu da rabi, an kusa da kudu sosai. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 masu zanen taswirar sama suka raba shi da Kantaurus.

Sa'an nan sai zamanin madubin hangen nesa. Tsakanin 1751 da 1752 Lakayi, mutumin Faransa, ya zauna a ƙarshen Afirka ta Kudu, ya auna taurari kusan 10,000. Shi ya fara rubuta wani curin taurari da ke gefen gicciyen, wanda ido ke ɗauka tauraro guda ne. Jon Hashal na Ingila, wanda ya yi aiki can daga 1834 zuwa 1838, ya kwatanta launukansu da kayan ado, shi ya sa ake ce da curin Akwatin Ado. Haskensa yakan yi fiye da shekara 6,000 kafin ya iso mu. Kusa da shi akwai wani baƙin tabo, Buhun Gawayi, watau gajimaren ƙura ne, nisan tafiyar haske wajen shekara 600, ya tare taurarin da ke bayansa.

Sai dai a lura, abin nan duka tarihin rubutu ne, gani kuwa ya riga shi nesa. Mutanen asali na Ostareliya tun tuni suna ɗaukar Buhun Gawayi kan wata tsuntsuwa ce mai kama da jimina. Abzinawa kuma sun kwatanta taurarin huɗu da itatuwan jiga. Waɗannan gicciyen bai taɓa ɓace musu ba, balle a gano musu shi.

Haka kuma a Kano. A watan Mayu, wajen ƙarfe tara na dare, in sama ta yi garau, yakan tsaya sak wajen kudu, gindinsa kamar digiri 15 bisa ƙasa. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su fita da ɗalibansu su nuna musu shi, su kuma aike su wurin tsofaffin fatake da makiyaya, su rubuto abin da suke kiransa, kamar yadda aka riƙe sunan Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Tauraro yana jira, amma tsoho ba ya jira.