Yadda aka tsara runduna ta 38 ta sojojin ko-ta-kwana na Amurka

Runduna ta 38 ta sojojin ƙasa ɗaya ce daga cikin manyan rundunoni 8 na dakarun ko-ta-kwana na jihohin Amurka, waɗanda ake kira National Guard. An kafa ta a 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, kuma cibiyarta tana Indianapolis, babban birnin jihar Indiana. Dakarun wannan jiha ne suka ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da sojojin Nijar a 2017.

Janar mai taurari biyu ke jagorantar rundunar. A ƙarƙashinsa akwai birged-birged, kowace a hannun kanal: ta 76 a Indiana da ta 37 a jihar Ohayo, dukansu na mayaƙan ƙasa, sai birged ta jirage masu saukar ungulu da wadda ke kula da abinci, mai da harsasai.

Bisa tsarin da aka saba, birged ta mayaƙan ƙasa tana da soji wajen 4000. Ta ƙunshi bataliya uku ta masu faɗa a ƙasa, ɗaya ta leƙen abokan gaba, ɗaya ta manyan bindigogi, ɗaya ta injiniyoyi, ɗaya kuma ta kayan aiki da jinya. Bataliya tana rabuwa zuwa kamfanoni, kowane da kaftin da soji fiye da 100. Kamfani yana rabuwa zuwa rukunoni masu mutum 30 zuwa 40, su kuma zuwa ƙananan ayari na mutum 9 a hannun saje.

A takarda, tsarin daidai yake da na sojojin dindindin. Bambancin yana ga mutanen da kuma mai ba su umarni. Yawancinsu farar hula ne masu sana'o'insu, suna atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da makonni biyu a shekara. A lokacin zaman lafiya, gwamnan kowace jiha ke da iko da dakarun jiharsa, yana tura su aikin ceto idan an yi ambaliya ko guguwa. Idan shugaban ƙasa ya kira su, sai su koma hannun gwamnatin tarayya.

Shi ya sa ba kasafai rundunar ke fita gaba ɗaya ba. Akan ɗauki birged ɗaya, ko cibiyar kaɗai, kamar yadda aka tura cibiyarta Kuwait a 2019 domin ta jagoranci wasu dakaru a Gabas ta Tsakiya.