Haɗa Aiki da Wa'adi: Tushen Ƙuncin Masu Ɗinki a Bangaladash

Duk wanda ya yi nazarin halin ma'aikatan masana'antun ɗinkin tufafi na Bangaladash, su wajen miliyan huɗu, galibinsu mata, waɗanda guminsu ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hajar da ƙasar take fitarwa waje, zai tarar cewa ƙuncin da ke cin zukatansu bai tsaya ga yawan aiki ba, domin manomi ma yakan wuni a gona, amma shi yake yanke wa kansa sa'ar ajiye fartanya. Ita kuwa mai ɗinki, wuya ko hannun riga kaɗai aka ba ta, tana maimaita shi daga safe har dare, ga adadin da aka yanka mata na kowace sa'a, ga shugaban layi tsaye a kanta, har takan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya tashe ta daga keke.

Wannan shi ne abin da masani Robert Karasek ya bayyana a 1979, cewa damuwar aiki takan tsananta ne inda buƙata ta yi yawa alhali ma'aikaci ba shi da ikon tsara aikinsa. A ganina, malaman fiƙihu sun riga shi hango bakin zaren, domin a babin ijara na Muhtasar na Shehu Halil an kawo saɓani a kan ingancin ƙulla ijarar da aka haɗa ƙayyadadden aiki da ƙayyadadden lokaci a cikinta, kuma da ɗinki aka buga misali. Illar a fili take: idan wa'adi ya cika aiki bai ƙare ba, wa zai ɗauki asarar? A masana'antun Daka, babban birnin Bangaladash, mai ɗinki ce take ɗauka, da barcinta da lafiyarta.

Musibar Rana Plaza, wani bene mai ɗauke da masana'antun ɗinki, ta nuna iyakar wannan rashin iko. Ranar 23 ga Afrilu, 2013, aka ga bango ya tsage, banki da kantunan da ke ƙasan benen suka rufe. Amma washegari aka tilasta wa masu ɗinki komawa bisa barazanar hana su albashi, benen ya rufta, mutum 1,134 suka rasu. Yarjejeniyar da aka ƙulla a watan Mayun shekarar ta gyara gine-gine da ƙofofin tserewa daga gobara, kuma ba za a raina alherinta ba. Sai dai ba ta taɓa adadin da ake yanka wa ma'aikaciya ba, balle ujirarta. A 2023 ma'aikata sun nemi mafi ƙarancin albashi ya zama taka (kuɗin ƙasar) 23,000 a wata, hukuma ta tsayar da 12,500, wanda kuwa albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ko an ce ƙarin sa'o'in aiki ganin dama ne, larura ba za ta bar shi ya ƙi ba.