Sidi Uku a Ƙarƙashin Suna Ɗaya: Tarihin Lamba da Ma'auninta

A kasuwar Aboabo da ke Tamale, kamar sauran kasuwannin Gana, har yau akan ji mai kaya ya ce miliyan ɗaya, mai saye ya miƙa sidi 100, a yi sallama ba gardama. Baki yana lissafi da kuɗin da aka daina tun 2007, hannu kuwa yana biya da na yanzu.

Sau uku Gana ta fitar da kuɗi mai suna sidi, kowane da darajarsa. Ran 19 ga Yuli 1965, zamanin Kwame Nkrumah, aka bar fam da sule da kwabo. Sunan sidi ya samo asali daga kalmar Akan mai nufin wuri, kamar yadda kuɗi a Hausa jam'in wuri ne. An daidaita pesewa ɗaya da kwabo ɗaya, saboda haka fam mai kwabo 240 ya zama sidi 2.40. Bayan juyin mulkin 1966, sai aka fito da sabon sidi a Fabrairun 1967, daidai da 1.20 na tsohon. Aka cire hoton Nkrumah, lissafi kuma ya sauƙaƙa: fam ɗaya, sidi biyu.

Shekaru arba'in na hauhawar farashi suka cinye wannan sidin, har takarda mafi girma, ta 20,000, ta koma kusan dala biyu. A Yulin 2007 Babban Bankin Gana, ƙarƙashin gwamnansa Paul Acquah, ya share sifili huɗu: sidi 10,000 ya zama ɗaya. Tsoho da sabo suka yi tafiya tare har ƙarshen Disamba.

Ɗan kasuwa yana gane wane sidi ake nufi daga kayan da ke gabansa. Kwamfuta ba ta da wannan basira, abin da aka rubuta mata kaɗai take bi. Shi ya sa aka sauya alamar kuɗin a tsarin duniya daga GHC zuwa GHS. Alal misali, idan ɗalibin Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale ya haɗa farashin masara na 2006 da na 2008 a jadawali ɗaya ba alama, 200,000 da 20 za su zauna a layi guda, manhaja ta ba da sakamakon cewa farashi ya faɗi warwas, alhali kuɗin ɗaya ne.

Irin wannan kuskure ya taɓa hallaka kumbo. Ran 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa Mars Climate Orbiter a daidai isarsa duniyar Mars. Manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da ƙarfin tunkuɗar injin da ma'aunin laba, ta masu tuƙi kuwa tana ɗaukar lambar a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne. Kumbon ya gangaro har kimanin kilomita 57 daga doron Mars, ƙasa da inda zai iya tsira.

Don kauce wa haka aka ƙirƙiro manhajoji irin su Pint a harshen kwamfuta na Python, masu ɗaure kowace lamba da ma'auninta, su ƙi tara mita da daƙiƙa. Sai dai su ma ana sabunta su, kuma aikin da aka gina a kan tsohon zubi kan ci karo da sabo. Idan shirin ya tsaya cik, an ji sauƙi, domin an ga matsalar. Wanda ya ci gaba da aiki shiru da lambar da ta rasa ma'auninta shi ne abin tsoro. Don haka mai bincike nagari yakan rubuta ma'auni da shekara kusa da kowace lamba, ya adana sunan zubin manhajar da ya yi aiki da shi, bayan kowane sabuntawa kuma ya sake gwada lissafin da ya riga ya san amsarsa.