Dokar rage shekarun tsayawa takara a Najeriya

Dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda aka fi sani da Not Too Young To Run, gyara ce da aka yi wa Kundin Tsarin Mulkin 1999 domin bai wa matasa damar zama a majalisun da ke tsara dokoki da kasafin kuɗi. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sanya mata hannu ranar 31 ga Mayu, 2018.

Tony Nwulu ne ya gabatar da ƙudirin a Majalisar Wakilai, Sanata Abdul'aziz Nyako kuma a Majalisar Dattawa, yayin da ƙungiyar YIAGA ta jagoranci fafutikar. Majalisar Tarayya ta amince da shi a Yulin 2017, sannan ya samu goyon bayan majalisun jihohi, inda ake buƙatar aƙalla 24 daga cikin 36.

Gyaran ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Na gwamna da sanata sun ci gaba da zama 35.

Sai dai dokar ba ta taɓa batun kuɗi ba. Gabanin zaɓen 2023, APC ta sanya fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 10, PDP kuwa miliyan 40 ga kujerar shugaban ƙasa. Wannan tsada na cikin manyan abubuwan da ke hana matashi marar uban gida cin gajiyar dokar.