Albashin ma'aikacin meri: wa ke raba gardama idan asusu ya bushe?

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi tukunyar wasu daga cikinmu: mai sharar kasuwa, mai yanka tikiti, mai gadin meri, sakataren da ke rubuta takardar haihuwar 'ya'yanmu. A ƙananan hukumomi da dama na ƙasar nan irin waɗannan ma'aikata kan yi watanni suna bin bashin albashi. In sun yi magana a ce babu kuɗi. In sun tafi yajin aiki a zauna, a sa hannu a takarda, a watse. To wa ke da ikon yanke hukuncin da zai hau kan kowa, har da mai riƙe da asusu?

Tambayar ta girmi 'yancin kanmu. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa suka ajiye aiki rana guda, kuma ranar 15 ga Disamba na shekarar aka samu dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa. Ita ce ta kawo aikin awa 40 a mako, ta ƙarfafa sufetocin ƙwadago, ta kuma shimfiɗa hanyar sulhu kafin a kai ga yajin aiki. A nan Nijar wanda ya fi kowa suna a wannan gwagwarmaya shi ne Djibo Bakary. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a 1956 wannan ɗan sandika ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Wato mutum guda ya zauna a kujerar mai neman ƙarin albashi, ya kuma zauna a kujerar mai biya.

Bayan 1960 maganar ta yi sanyi, don ƙungiyar ƙwadago ɗaya ce, UNTN, kuma tana tafiya ne a inuwar jam'iyya mai mulki. A zamanin Seyni Kountché ta koma USTN. Lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, ba a cika jin kukan albashi ba. Da farashi ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sai murya ta fara fitowa. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, USTN ta raba gari da gwamnati, ta kira yajin aikin gama-gari, ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991.

Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba sa bukatar a tuna musu abin da ya biyo baya. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka hau, yajin aiki ya yi ta bin yajin aiki, bashin albashi ya taru watanni a kan watanni har ƙarshen 1999. A duk tsawon wannan lokaci hanya ɗaya aka sani: a ja daga, a gaji, a zauna, a sa hannu a yarjejeniya. Ita kuwa irin wannan yarjejeniya ba hukuncin kotu ba ce. In gwamnati ta cika, madalla. In ba ta cika ba, sai a sake fita.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba dokokin 1996 da kyau. Wata biyu bai cika ba da juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara na 27 ga Janairu, sai ga dokoki biyu ranar 21 ga Maris. Ta farko, mai lamba 96-009, ta tsara yadda ma'aikatan gwamnati da na ƙananan hukumomi za su yi yajin aiki: a ba da sanarwa tukuna, a bar wasu a bakin aiki, kuma hukuma na iya kiran ma'aikaci ya dawo dole. Ta biyu, 96-010, ta jera ayyukan da ake ɗauka ba za su tsaya ba. Masanan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun yi shekaru suna neman a rage faɗin wannan iko na kiran dole. A ganinmu gurguntar ta fi nan zurfi. A ƙa'ida, in ka rage wa mutum ikon ajiye aiki, sai ka ba shi wani abu a madadi, wato alƙali mai zaman kansa wanda hukuncinsa zai ɗaure ɓangarori biyu. An ɗaure hannun ma'aikaci, ba a ɗaure bakin jaka ba.

Wani zai ce ai dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta tanadi sulhu a gaban sufeton ƙwadago, in ya ci tura a kai ga kwamitin raba gardama. Haka ne. Sai dai wannan doka ba ta shafi cikakken ma'aikacin gwamnati ba, shi dokarsa daban ce, ta 2007. Kuma ko ga ma'aikacin meri da aka ɗauka da kwantaragi, takardar hukunci ba ta zama tsabar kuɗi da kanta.

Mu zo gida. Ƙananan hukumomin da muka sani yau sun fara aiki ne bayan zaɓen 24 ga Yuli 2004, guda 265 a faɗin ƙasa, 12 daga ciki a jihar Diffa: daga Maïné-Soroa da Goudoumaria zuwa Chétimari, Gueskérou, Bosso, Toumour, har N'Gourti can cikin rairayi. Kundin dokar ƙananan hukumomi na 2010 ya sa albashin ma'aikata cikin kashe-kashen da suka zama wajibi a kasafin kuɗi. A takarda ke nan. A zahiri asusun meri yana cika ne da harajin kai, da tikitin kasuwa, da kuɗin tasha da na kasuwar dabbobi, sai abin da Yamai ta turo ta baitulmali ko ta hukumar ANFICT. A 2016 kuma aka miƙa musu wani ɓangare na nauyin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Kaya ya ƙaru, jakin dai shi ne na jiya.

Mu a nan mun ga yadda asusu ke bushewa a idonmu. Bayan harin 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi, aka rufe wasu kasuwanni. Ƙauyukan bakin kogi suka tashi, jama'a suka dawo gefen kwalta, kamar yadda mutanen Assaga suka sani fiye da kowa. Sai a 2017 aka sassauta wa tattasai, kifi kuwa sai 2019. To mutumin da ya bar gonarsa yana zaune a rumfar leda, wa zai bi shi da tikitin haraji? A daidai lokacin ne kuma aikin meri ya ninka: takardun haihuwa, rijiyoyi, shara, filin zama. Ko da alƙali mafi adalci ya ce a biya ma'aikata gobe da safe, magajin gari zai buɗe masa aljihun tebur ya gani.

Ba mu kaɗai ke wannan ciwon kai ba. A Amurka jihohi da yawa sun hana 'yan sanda da 'yan kwana-kwana yajin aiki, suka ba su alƙalin raba gardama mai hukuncin dole. Can kukan ya juye: shugabannin birane ke cewa alƙalai na yanke ƙarin albashin da ya fi ƙarfin kasafinsu. Birnin Vallejo a Kalifoniya ya bayyana karyewarsa a 2008, a 2010 mazaunansa suka kaɗa ƙuri'ar soke tsarin. A shekarar ce jihar New Jersey ta sa wa irin wannan ƙari iyaka, kashi 2 cikin 100 a shekara. Su alƙali ya fi asusu ƙarfi, mu kuwa asusu ne ya fi alƙali. Tsallaken kogi ma, Najeriya na da kwamitin raba gardamar ƙwadago da kotun ma'aikata tun 1976, amma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura kuɗin ƙananan hukumomi kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba.

Saboda haka in ana maganar gyara, mu dai ba mu ga amfanin kafa sabon kwamiti ba in ba a ɗaure hukuncinsa da wata kafar kuɗi da aka sani ba. Kuma jihar Diffa tana da irin wannan kafa. Dokar man fetur ta 2007 ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen man ga yankin da ake haƙo shi, kuma tun 2011 man Agadem ke gangarawa matatar Damagaram. An sha kukan cewa wannan kaso ba ya isowa a kan lokaci. Da doka za ta ce duk bashin albashin da alƙali ya tabbatar, baitulmali ya cire shi daga irin wannan kaso ya biya ma'aikaci kai tsaye, da mai shara bai bukaci ajiye tsintsiya ba. Da kuma za a tilasta wa alƙalin ya duba littafin kuɗin meri a bainar jama'a kafin ya yanke, da mai biyan haraji ya san nawa aka tara a kasuwa da inda ya shiga.

A Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Yanzu wanda ke sa hannu a takardar albashi daga Yamai aka naɗo shi, kuma a Yamai ɗin ne baitulmalin yake. Inda akwai tsohon bashi, kantoma ya gaje shi tare da makullin ofis.