Katangar tsaro ta kwamfuta: mene ne aikinta a gida da ƙaramin ofis?

Katangar tsaro, wadda masu gyaran kwamfuta a Wagadugu suka fi sani da sunanta na Faransanci, pare-feu, manhaja ce ko na'ura da ke tsayawa tsakanin na'urorin gida da intanet. Aikinta irin na mai gadin zaure ne: duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ta duba daga ina ya fito, ina ya nufa, kuma ta wace ƙofa. Kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kowace hidima da tata. Katangar kirki tana rufe su ga baƙon da ba a kira ba, tana barin amsar abin da mai gida ya nema da kansa ta shigo.

Yawancin gidaje da shaguna da ofisoshin makarantun Islamiyya a Zango suna da ita ba tare da sun sani ba. Akwatin Wi-Fi da kamfanoni irin su Orange da Moov Africa ke sakawa yakan zo da katanga a cikinsa, haka ma Windows, wadda tun 2004 take zuwa da tata a kunne. Ofishin da ke da kwamfutoci da yawa yana iya ɗora pfSense ko OPNsense, waɗanda kyauta ne, a kan tsohuwar kwamfuta mai ramin waya biyu.

Ɓarnar takan zo ne daga hannunmu. Firinta ta ƙi aiki, sai mai gyara ya kashe katangar baki ɗaya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ko a saka kyamarar tsaro a shago, a buɗe mata ƙofa don maigida ya riƙa kallo ta waya, a bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Irin waɗannan kyamarori da akwatunan intanet ne muguwar manhajar Mirai ta kama a 2016, ta yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. A watan Mayun 2017 kuma WannaCry ta bi ta ƙofa mai lamba 445, wadda Windows ke raba fayil da ita, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila. Kwamfutar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai da lissafin kuɗin masallaci amana ce, bai kamata a bar ta haka ba.

Don haka a shiga shafin akwatin, sau da yawa ta adireshin 192.168.1.1, a canja kalmar sirri, a rufe ƙofofin da ba a amfani da su, a ware wa baƙi layin Wi-Fi nasu daban.

Sai dai katanga ba ta hana yaudara. Wanda ya buɗe mahaɗar da aka turo masa ta WhatsApp, ko ya karanta wa wani lambar sirrinsa ta Orange Money a waya, shi da kansa ya shigar da ɓarawo. Irin wannan ƙara a Burkina Faso ana kai ta ga BCLCC, rundunar da ke yaƙi da laifukan intanet, ita kuwa hukumar ANSSI ita ke kula da tsaron na'urorin ƙasa.