Wake Ɗaya Mai Ɓata Gari: Tarihin Binciken Cututtukan Giya a Turai

Duk ɗalibin da ya ratsa kwalej ya san sunan Louis Pasteur, kuma da an ambace shi sai hankali ya koma kan cizon mahaukacin kare da allurar da ya yi wa yaro Joseph Meister a shekarar 1885. Abin da littattafan aji ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, kafin wannan masani ya kai ga jikin ɗan Adam, ya shafe shekara ashirin yana komawa kan gangunan masu giya, yana neman amsar tambaya guda: me ke sa abin sha ya ɓaci? Giya haramun ce a Musulunci, zancenta kuma ba ya da daɗin ji a zaure. Sai dai ilimi ba ya zaɓen ƙofar da zai shigo, kuma ta wannan ƙofa ce sanin ƙananan halittun da ido ba ya gani ya shigo asibiti da ɗakin girki.

Tun fil azal masu dafa giya a Turai sun san ɓacin sana'arsu da harshe da hanci. Wata gangar ta yi tsami kamar binegar, wata ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, wata ta yi ɗaci ko ɗoyi, alhali hatsi ɗaya aka yi amfani da shi, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Suna kiran wannan cuta, suna ɗora laifin a kan tsawa ko zafin bazara ko rashin sa'a. Manyan masana ma ba su fi su nisa ba. Bajamushen nan Justus von Liebig, wanda ake jin maganarsa a fannin haɗa sinadarai, yana ganin tsimuwa, wato juyawar sukari zuwa barasa, rugujewar matattun abubuwa ce kawai, babu hannun wani mai rai a ciki.

A shekarar 1856 Pasteur yana shugabancin tsangayar kimiyya a birnin Lille, a arewacin Faransa. Wani mai masana'anta, Bigo, wanda ɗansa ke karatu a wurinsa, ya kawo masa kuka: barasar da yake tatsa daga betarab, saiwar da Turawa ke samun sukari daga gare ta, tana yin tsami, yana ta asara. Pasteur ya ɗebo ruwan ganguna ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. A mai kyau ya ga ƙwayoyin yisti kewayayyu. A mai tsami ya ga wasu halittu ƙanana, sirara kamar sanduna. A 1857 ya bayyana sakamakonsa: kowace irin tsimuwa tana da mai ran da ke yin ta. Yisti shi ke ba da barasa, sandunan nan kuwa su ke ba da irin tsamin da ke cikin nono. Ke nan ɓacin ganga aikin wani baƙo ne da ya shigo cin tuwon da ba a dafa dominsa ba.

Daga nan hanya ta buɗe. Ya nuna cewa binegar aikin wata halitta ce mai buƙatar iska, wadda ke shimfiɗa yana a saman ruwa tana mai da barasa tsami. A 1865 ya yi rajistar dabarar ɗumama giyar inabi zuwa digiri 50 ko 60 domin kashe masu ɓata ta ba tare da an tafasa ta ba, dabarar da har yau take ɗauke da sunansa.

Giyar sha'ir kuwa, yaƙi ne ya kai shi gare ta. A lokacin yaƙin 1870 zuwa 1871, wanda Jamusawa suka ci Faransa a cikinsa, Pasteur ya mayar wa jami'ar Bonn takardar girmamawar da ta ba shi, ya ƙudurta sai giyar ƙasarsa ta fi ta abokan gaba. Ya yi aiki a masana'antar Kuhn da ke Chamalières, kusa da Clermont-Ferrand. A watan Satumba na 1871 ya ziyarci masana'antar Whitbread a Landan, ya duba yistinsu, ya nuna musu baƙin da ke ciki. Da ya koma bayan ƴan kwanaki sai ya tarar sun sayi madubi nasu. A 1876 ya fitar da littafinsa Études sur la bière, inda ya zana siffar halittar da ke bayan kowane irin ɓaci, ya kuma nuna maganin: tsabtar kayan aiki, kare dafaffen ruwa daga ƙurar iska, da tsabtataccen yisti.

Amma aikin bai kammalu ba. A birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak, Jacob Christian Jacobsen, mai masana'antar Carlsberg, ya kafa ɗakin bincike a 1875. A nan Emil Christian Hansen ya gano abin da ya kuɓuce wa Pasteur: yisti ba iri ɗaya ba ne, yana da dangi da yawa, wasu na gida, wasu na daji. A 1881 ya bi sawun wani yistin daji mai siffar lemun tsami, ya nuna cewa a lokacin zafi yana rayuwa a jikin nunannun ƴaƴan itace, da hunturu kuma ya kwanta cikin ƙasar lambu. Ya kuma nuna cewa wanke yisti da ruwa mai tsami, kamar yadda Pasteur ya koyar, yana kashe bakteriya amma yana ba yistin daji damar yaɗuwa. A 1883, lokacin da giyar Carlsberg ta yi ɗaci da wari, Hansen ya tabbatar yistin daji ne ya gauraya da na gida. Sai ya ware ƙwaya guda tak, ya rene ta har ta hayayyafa ta isa cika ganga. Jacobsen bai ɓoye wannan iri ba, ya raba wa sauran masana'antu kyauta. A wannan ɗakin bincike ne kuma Søren Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda ɗalibai ke koya a lise.

Binciken Hansen ya bayyana dalilin da ya sa giyar da ake zuba wa ƴaƴan itace ta fi kowace saurin ɓaci. Ɓawon ɗan itace gidan yistin daji ne da bakteriya, cikinsa kuma sabon sukari ne. Wanda ya zuba shi a ganga ya buɗe wa baƙi ƙofa, ya kuma ajiye musu abinci.

Duk da haka akwai mutanen da suka mai da wannan haɗari sana'a. A kwarin kogin Senne, kusa da Buruksel a ƙasar Beljiyam, masu yin giyar lambic ba sa zuba yisti ko kaɗan. Suna dafa tsiron sha'ir da alkama, su juye ruwan cikin wani faffaɗan kasko marar murfi ya kwana yana shan iska, sa'an nan su ɗura shi a gangunan katako na shekara ɗaya zuwa uku. Ba sa yin haka sai daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da sanyi ke rage ƙarfin miyagun baƙi. Idan suka zuba ceri, jajayen ƴaƴan itace masu tsami, har da ƙwallonsu, suka bar su watanni, sai a sami kriek. A cikin wannan doguwar jira wata gangar takan yi yauƙi, masu sana'ar su ce ta kamu da ciwo, amma ba sa zubar da ita. Sun san wani yistin daji zai zo daga baya ya narkar da yauƙin. Shi ne Brettanomyces, wanda Niels Hjelte Claussen ya bayyana a 1904. A 1921 Kufferath da Van Laer suka same shi a cikin lambic, suka raɗa wa wani nau'insa sunan Buruksel. Warin barga da yake bayarwa aibi ne a Kopenhagen, a kwarin Senne kuwa shi ake nema. Abincin wani, gubar wani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan sana'a ta kusa mutuwa, domin kasuwa ta koma ga kriek mai zaƙi da aka ɗumama aka ƙara wa sukari. Ƴan tsirarun gidaje ne suka riƙe tsohuwar hanya, kamar gidan Cantillon da aka kafa a 1900, wanda ya buɗe ƙofarsa a matsayin gidan tarihi a 1978. A 1997 Tarayyar Turai ta ba wa sunayen lambic na gargajiya kariyar doka.

Ilimin da ya faro a manyan masana'antu daga baya ya sauko cikin gidaje. Birtaniya ta soke lasisin dafa giya a gida a 1963, Amurka kuma ta halatta shi da dokar 1978. Mai wannan aiki a ɗakin girkinsa, idan giyar ƴaƴan itacensa ta ɓaci, sawun Pasteur da Hansen yake bi. Tsamin binegar yana gaya masa iska ta shiga, ko ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun ƴaƴan itace sun kawo bakteriya. Ƙamshin man shanu ko na ɗanyen tuffa yana nuna an raba giya da yisti kafin ya gama aikinsa. Warin magani yana fitowa daga yistin daji ko daga kulorin na ruwan famfo. Bauri daga ɓawo da ƙwallo yake idan sun daɗe a jiƙe. Kwalbar da ta yi ambaliya ko ta fashe shaida ce cewa an rufe ta da sauran sukari a ciki. Kowane ɗanɗano yana da sanadi, kuma yawancinsu rigakafi ya fi musu magani.

Babbar ribar wannan tarihi ba masu giya ne suka ci ta ba. Likitan fiɗa Joseph Lister ya karanta ayyukan Pasteur kan tsimuwa da ruɓa, ya fahimci cewa abin da ke ɓata ganga danginsa ne ke ruɓar da miki. A 1867 ya bayyana hanyarsa ta tsabtace rauni da kayan fiɗa. A 1886 Franz von Soxhlet ya ba da shawarar dafa madarar jarirai. Ita ma mai nono da ke wanke ƙwaryarta ta shanya a rana, ta zuba ɗan nonon jiya cikin madarar yau, renon halittu masu amfani take yi domin su riga masu cutarwa cin gida, ko da ba ta taɓa leƙa madubi ba. Malamin da zai koyar da darasin Pasteur yana iya farawa daga wannan ƙwarya kafin ya kai ɗalibansa Lille.